Dependabot, Renovate ko Hannunka: Wa Za Ka Ɗora wa Aikin Sabunta Kayan Aro?

Duk wanda ya taɓa riƙe manhaja mai buɗaɗɗen tushe, ko da ƙarama ce, ya san kod ɗin da ya rubuta da hannunsa shi ne kaso mafi ƙanƙanta a cikinta. Sauran duk na aro ne. Ka buɗe package.json, fayil ɗin da ke lissafa abin da ka aro, ka ga sunaye goma sha biyar, ka leƙa node_modules, jakar da ake sauke su a ciki, ka tarar da ɗaruruwa, domin kowane ƙunshi da ka aro shi ma ya aro wasu, su ma sun aro nasu. Waɗannan nake kira kayan aro. Masu su kuwa ba sa barci. Yau wannan ya fitar da sabuwar siga, gobe wancan ya toshe ɓaraka, jibi wani ya sauya sunan aikin da kake kira a wuri arba'in cikin kod ɗinka.

Hanyoyi uku aka fi bi wajen bin sawunsu. Ko ka kunna Dependabot da ke zaune a cikin GitHub, ko ka gayyato Renovate, ko ka ce ba ruwanka da bot, wato manhaja mai yin aikin da kanta irin waɗannan biyun, ka tsayar da rana a wata ka yi da hannunka. Babu wadda ake biyan ko sisi a kanta, don haka kuɗi ba zai raba gardamar ba. Abin da suke ci shi ne lokacin mai kula da manhajar, wanda sau da yawa mutum ɗaya ne tilo, yana duba rumbun da aka ajiye kod ɗin da daddare bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi. Da wannan mudu zan auna su: wacce ta fi rage haɗari a kan kowace awa da za ka ba ta.

Gaba kura, baya sayaki

Jinkiri yana da tsada. Ranar 7 ga Maris 2017 masu Apache Struts, wani kayan aro na gina manhajar yanar gizo, suka fitar da gyaran wata ɓaraka. Equifax, kamfanin Amurka mai ajiye tarihin bashin jama'a, bai sa gyaran a wata manhajarsa ba. A tsakiyar Mayu ɓarayi suka shiga ta nan, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutum kusan miliyan 147 sun riga sun fita. Ga kuma Log4j, wani kayan aro na masu Java, a Disamba 2021, inda cikin kusan mako uku aka fitar da 2.15.0, 2.16.0, 2.17.0 da 2.17.1, kowace tana toshe abin da ta gabanta ta bari. Wanda yake kan 2.14 lamba kawai ya sauya, ya gwada, ya koma barci. Wanda ya yi shekaru bai motsa ba, har yanzu yana kan Java 7 ko 6, sai da ya jira aka yi masa gyara na musamman a tsofaffin rassa. A wurina wannan ne babban amfanin sabuntawa a kai a kai: ranar da gobara ta tashi, ta same ka kusa da ƙofa.

Gaggawa ma tana da nata tsadar. Ranar 8 ga Satumba 2025 aka yaudari mai kula da ƙunshin chalk da debug da imel na bogi mai kama da na npm, ma'ajiyar ƙunshin JavaScript, aka karɓe asusunsa, aka fitar da gurɓatattun sigogi na ƙunshi 18 waɗanda ake saukewa fiye da sau biliyan biyu a mako. Abin da aka cusa a ciki yana musanya adireshin walat ɗin kirifto. Cikin 'yan awanni aka cire su. Wa abin zai iya taɓawa? Wanda ya ɗauki sabuwar siga a cikin waɗannan awanni. Wanda fayil ɗin kullensa, wato fayil ɗin da ke tsayar da kowane ƙunshi a takamaimiyar siga, yake rufe, bai motsa ba a ranar, sai a labarai ya ji. Haka aka yi da ua-parser-js a Oktoba 2021. A Janairu 2022 kuwa mai colors da kansa ya fitar da sigar da ke juyi ba tsayawa, ta sarƙe manhajojin da ke ɗaukar duk abin da ya fito sabo.

Ke nan sabuntawa iri biyu ce, kowace da gudunta. Gyaran ɓarakar da aka riga aka bayyana wa duniya, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Sauran sababbin sigogi kuma kamar kunu ne, a bari su huce. Hanyar da ba ta ba ka damar raba waɗannan biyu ba, za ta sa ka zaɓi ɗaya daga cikin haɗurran ne kawai.

Dependabot: na gida

A 2017 aka fara shi a matsayin ƙaramin kamfani mai zaman kansa, GitHub ya saye shi a Mayu 2019. Abu uku ne ke ƙarƙashin wannan suna, kuma rashin bambance su shi ke sa mutane su yi fushi su kashe duka. Na farko faɗakarwa ce: yana kwatanta kayan aronka da kundin ɓaraka na GitHub, ya gaya maka wanne ke da matsala. Na biyu shi ne aiko da gyaran waccan ɓaraka a matsayin buƙatar haɗewa, wato takardar da ake aiko wa mai rumbu a ce ga canji, duba ka haɗe, wadda 'yan sana'a ke taƙaitawa da PR. Waɗannan biyu daga saitin rumbu ake kunna su. Na uku shi ne sabunta komai da komai ko ba ɓaraka, kuma shi sai ka rubuta fayil ɗin dependabot.yml a cikin .github. Yawancin hayaniyar da ake kuka da ita daga na ukun take fitowa.

Ƙarfinsa sauƙi ne. Layi shida ko bakwai sun isa: wane irin ƙunshi, wace jaka, sau nawa. Ba asusun da za ka buɗe a wani wuri, ba wani kamfani na daban da za ka ba izinin rubutu a rumbunka. Idan ba ka sauya komai ba, ba ya barin PR ɗin sabunta siga su haura biyar a buɗe. Kana iya yi masa magana a cikin PR ɗin, ka ce ya sake ɗora canjin a kan sabon kod, ko ya daina kawo maka wannan babbar siga. Tun 2023 ma, idan ya ga an yi kwana 90 ba wanda ya kula da saƙonninsa, sai ya dakata da kansa, wanda ni nake gani ladabi ne da ba kowane bot ke da shi ba.

Shekaru da dama babban aibinsa shi ne kowane ƙunshi da tasa PR. Ka ce kana amfani da ƙunshi takwas na iyali ɗaya da ya kamata su tafi tare, sai ya kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi gwaji domin 'yan'uwanta ba su zo ba. An gyara wannan a 2023 da saitin groups, a 2025 kuma aka ƙara cooldown, inda za ka ce kada a kawo maka siga sai ta yi kwana kaza da fitowa. Jinkirin ba ya shafar gyaran ɓaraka, kuma daidai ke nan. Waɗannan biyu sun rage tazarar da ke tsakaninsa da Renovate sosai. Duk rubutun kwatancen da ka karanta wanda aka yi kafin 2023, ka rage masa gishiri.

Inda har yanzu yake da rauni: kowane rumbu da nasa fayil, babu hanyar rubuta doka ɗaya ka ce sauran su gada. Ba shi da haɗewa ta kai-tsaye a cikinsa, sai ka ƙulla ta da GitHub Actions, tsarin GitHub na gudanar da gwaji da sauran ayyuka kai-tsaye. Kuma gwajin da PR ɗinsa ta tayar ba ya ganin sirrikan rumbu na yau da kullum, irin su kalmomin sirri da makullan shiga, sai waɗanda ka ware masa daban. Kariya ce mai ma'ana, amma ranar farko da gwajinka ya faɗi saboda ita za ka ɓata rabin dare kana neman laifi a inda babu shi.

Renovate: gwani mai yawan maɓallai

Rhys Arkins ne ya fara shi, WhiteSource ya saye shi a ƙarshen 2019, kamfanin ya koma Mend a 2022. Yana aiki a GitHub, GitLab, Bitbucket, Azure DevOps, Gitea da Forgejo. Idan rumbunka ba a GitHub yake ba, nan ma an kusa gama maganar, sai dai ka san a wurare irin GitLab kai za ka tsayar da shi ka riƙa gudanarwa, wanda shi ma wani ɗan aiki ne da ya hau kanka.

Yadda yake shigowa gida yana burge ni. Ba ya fara aika komai sai ya buɗe PR guda ta gabatarwa, ya lissafa maka abin da ya gano da abin da zai aiko idan ka yarda. Sai ka haɗe ta sannan ya fara. Bayan nan yana riƙe da shafi ɗaya a rumbun, allon kayan aro, mai nuna duk abin da ke jira. Za ka iya cewa kada ya buɗe PR ta babbar siga sai ka sa alama a akwatinta a wannan allo. Ga mai kula shi kaɗai, wannan ba ƙaramin abu ba ne: aikin yana nan a rubuce, ba ya ɓacewa, kuma ba ya buga maka ƙofa sai ka kira shi.

Tun asali yana haɗa ƙunshin da suka fito daga gida ɗaya, ba sai ka roƙa ba. Yana taƙaita kansa ga PR biyu a awa, goma a buɗe. Ya daɗe da saitin jinkiri, yanzu sunansa minimumReleaseAge, kuma kwana uku da aka saba sa wa npm yana da dalili: cikin awa 72 na farko mai ƙunshi yana iya janye abin da ya fitar. Wannan doka ta janyewa kanta jikar rikicin left-pad ce na Maris 2016, lokacin da janye ƙunshi mai layi goma sha ɗaya ya tsayar da ginin Babel da ɗimbin manhajoji. Yana iya haɗewa da kansa, har ma ba tare da buɗe PR ba: ya yi reshe, wato ya ware canjin a gefe, gwaji ya wuce, ya haɗe shiru, sai in gwaji ya faɗi za ka ji ɗuriyarsa. Yana iya sabunta lambar siga da ke ɓoye a cikin wani fayil da ba na ƙunshi ba idan ka koya masa yadda zai gane ta. Kuma dokokinka za ka iya ajiye su a rumbu ɗaya, sauran rumbuna ashirin su gada da layi guda.

Farashin duk wannan shi ne koyo. Saitocinsa sun kai ɗaruruwa, dokoki suna hawa kan juna bisa jeri, kuma akwai ranar da za ka zauna kana karanta rahoton aikinsa don gano dalilin da ya ƙi aiko da abin da kake jira. Na sha ganin fayil ɗin renovate.json da ya fi kod ɗin manhajar wuyar fahimta, wanda ya rubuta shi ya tafi, waɗanda suka gada ba mai ƙarfin halin taɓawa. An gudu daga hayaniya an faɗa wata hidimar. Ka kuma lura da abu biyu. Ba ya taɓa kayan aro na ciki, wato aron da aronka ya yi, sai ka kunna lockFileMaintenance, wanda a kashe yake tun asali. Sannan a GitHub, faɗakarwar Dependabot yake karantawa don sanin ɓaraka, ya aiko da gyaranta ba tare da jiran jadawali ba. Saboda haka ko ka koma Renovate, kada ka kashe waccan faɗakarwa, PR ɗin Dependabot kawai za ka kashe.

Wani zai tambaya, in kamfanin ya rufe fa? Tambaya ce mai kyau, domin Greenkeeper, wani bot irin wannan da masu npm da yawa suka dogara da shi, ya rufe a Yuni 2020. Kod ɗin Renovate a buɗe yake ƙarƙashin lasisin AGPL, zuciyar Dependabot ma ta koma lasisin MIT a 2024. A aikace dai Renovate ya fi sauƙin ɗauka ka gudanar a na'urarka.

Hannunka da kalanda

Ana raina wannan hanya, kuma bai kamata ba. Ka tsayar da Asabar ta farkon wata, ka buga npm outdated ko pip list --outdated, ka karanta bayanin canje-canje, ka sabunta duka a reshe ɗaya, ka gwada, ka haɗe. Manyan ƙaura kuma ka bi kalandar masu abin, wadda a bayyane take. Python yana fitar da siga kowace Oktoba, ana kula da ita shekara biyar. Django yana fitar da siga mai dogon zango duk shekara biyu a Afrilu, kamar 4.2 a 2023 da 5.2 a 2025, kowace da kulawar shekara uku. Wanda ya rubuta waɗannan ranaku a bango ba ya buƙatar bot ya tuna masa.

Ɓangaren tsaro kuma sai a bar wa na'urar bincike da ke gudu kowace rana: pip-audit, OSV-Scanner na Google, ko govulncheck ga masu Go. Na ƙarshen ya fi sauran hankali, domin yana duba ko kod ɗinka yana kiran aikin da ke da ɓarakar kafin ya yi ihu. Rashin wannan bambancewa shi Dan Abramov ya yi wa npm audit kaca-kaca a kai a 2021: jan gargaɗi a kan kayan da ake amfani da su wurin gini kawai, waɗanda ba za su taɓa haɗuwa da maharin ba. Ƙararrawar da ke kaɗawa kullum, ranar da ɓarawo ya zo da gaske ba mai fitowa.

Raunin hanyar kai ne. Wata ɗaya ka yi tafiya, na biyu azumi, na uku aiki ya yi yawa, kafin ka ankara shekara ta zagayo, sabuntawar da za ta ci awa ɗaya ta zama ta mako biyu. Akwai kuma lissafin da mu da ke aiki da datar saye da wutar da ba ta da tabbas muke yi: da hannu, a kwamfutarka za ka sauke komai ka gwada. Da bot, injinan GitHub ne ke saukewa su gwada, kyauta ga rumbun da yake a buɗe, kai kuma daga waya kana iya duba sakamako.

Abin da ya fi sunan bot muhimmanci

Na farko gwaji. Tsarin lambobin siga da Tom Preston-Werner ya rubuta ya ce lamba ta ƙarshe gyara ce, ta tsakiya ƙari ne da ba ya karya komai, ta farko ce kaɗai ke da izinin karyawa. Alkawari ne, kuma mutane ne ke cika shi. Ni kaina na taɓa kunna haɗewa ta kai-tsaye a wani ƙaramin rumbu nawa, alhali gwajin da ke ciki bai wuce duba ko manhajar ta tashi ba. Wata siga mai canjin lambar ƙarshe kawai ta sauya yadda ake karanta kwanan wata, alamar gwaji ta nuna kore, ta shige. Sai bayan kwanaki wani mai amfani ya rubuto. Laifin nawa ne: koren alama ba ta san abin da ba a gwada ba. Idan ba ka da gwajin da za ka yarda da shi ido rufe, kowace PR ta bot sai ka karanta ta da idonka, kuma a nan lissafin ke juyewa. A ce goma ke zuwa a mako, kowace ta ci minti goma, ka ga awa ɗaya da minti arba'in sun tafi, ba ka rubuta layi ɗaya ba, ba ka amsa wa mutum ɗaya ba. Kowace haɗewa kuma tana taɓa fayil ɗin kulle, sauran PR su yi karo da ita, a sake ɗora su, gwaji ya sake gudu. Can ƙasan jerin akwai gudummawar wani ɗan Adam da ya ɓata ƙarshen makonsa a kanta, tana jira.

Wannan gajiya ita kanta ɓaraka ce. Labarin xz, manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita, ya nuna haka. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da shi ba albashi, wasu asusu suka yi ta matsa masa cewa ya yi jinkiri, har ya ba wani mai suna Jia Tan hannu a aikin. A sigogi 5.6.0 da 5.6.1 aka dasa ɓoyayyiyar ƙofa. Andres Freund ne ya bankaɗo ta ranar 29 ga Maris 2024, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH tana ƙara kusan rabin daƙiƙa. Debian, wani nau'in Linux, mai tsayayyar siga bai taɓu ba, domin bai kai ga ɗaukar sabuwar ba. Sai dai kada a yi wa jinkiri kirarin da ya fi shi: 5.6.0 ta yi fiye da wata ɗaya a waje kafin a gane, gurɓataccen event-stream na 2018 ma ya yi kusan wata biyu. Jinkirin mako ɗaya yana kama ɓarawon da ya fasa ya shiga da gudu. Wanda ya zauna a gidan shekara biyu ana cin tuwo da shi, wannan ba ya kama shi.

Haka kuma sunan bot ba shaida ba ne. A 2023 an ga canje-canje na bogi da aka yi wa ado da sunan Dependabot a ɗaruruwan rumbuna, suna satar sirrika. A Maris 2025 aka karɓe tj-actions/changed-files, wani kayan aro na GitHub Actions wanda rumbuna sama da 23,000 ke amfani da shi, aka juya tsofaffin lambobin sigarsa suka koma nuna gurɓataccen kod. Waɗanda suka ɗaure shi da cikakkiyar lambar shaidar canji maimakon lambar siga sun tsira. Duka bot ɗin biyu suna iya sabunta irin wannan ɗauri, Renovate ma yana iya yi maka ɗaurin tun farko.

Na biyu, shin abin naka manhaja ce da ake gudanarwa, ko laburare ne da wasu ke aro? Mai manhaja ya kulle komai a siga ɗaya, ya sabunta kullen. Mai laburare kuwa in ya bar bot yana ɗaga masa mafi ƙarancin sigar da yake karɓa duk mako, ya tilasta wa duk masu aronsa su bi shi da gudu ba dalili. A Python abin ya fi zafi, domin pip siga ɗaya tak yake girkawa ta kowane ƙunshi, ba kamar npm da ke iya ajiye biyu gefe da gefe ba. Laburare biyu suka saɓa a kan iyaka, mai amfani ne ke tsakiya. Fitowar NumPy 2.0, laburaren lissafi na Python, a Yuni 2024 ta nuna fuska biyun: waɗanda ba su sa iyaka ta sama ba wasunsu sun karye a ranar, waɗanda suka sa kuma sun tsare masu amfani da su a baya har sai da suka saki. Abin da mai laburare yake buƙata shi ne gwaji biyu: ɗaya da mafi tsufan sigogin da ya yi alkawari, ɗaya da mafi sabunta, yana gudu duk mako. In na biyun ya yi ja, ka san akwai aiki. In kore ne, ba abin da za ka haɗe. Dependabot yana da versioning-strategy, Renovate yana da rangeStrategy don wannan, amma sau da yawa mai laburare ba ya ma buƙatarsu.

To, wanne?

Idan rumbu ɗaya ko biyu gare ka a GitHub, kuma manhaja ce mai gudana, ka tsaya a Dependabot. Kunna faɗakarwa da gyaran ɓaraka. A fayil ɗin ka sa jadawalin wata-wata, ko mako-mako in kayan suna da yawa, ka tara ƙanana da matsakaitan canje-canje a rukuni ɗaya, ka bar manya su zo ɗaiɗai, ka sa jinkirin kwana bakwai. Kada ka manta da saka GitHub Actions kansa cikin abin da za a riƙa dubawa. Minti ashirin sun isa, kuma wanda zai gaje ka zai fahimci fayil ɗin a kallo ɗaya. Ba na ganin dalilin da zai sa mai irin wannan rumbu ya ɗauki wahalar Renovate a yau.

Idan rumbunan sun haura biyar, ko rumbu ɗaya ne mai ɗauke da ƙunshi da yawa, ko akwai Docker da Helm da Terraform a cakuɗe, ko ba a GitHub kake ba, Renovate ne. Ka fara da config:recommended, ka ƙara jinkiri, ka sa manyan sigogi su jira alamarka a allo, ka kunna sabunta fayil ɗin kulle. Haɗewa ta kai-tsaye ka fara ba kayan gwaji da na tsaftace kod kawai, ka yi wata biyu kana kallo kafin ka faɗaɗa. Duk dokar da ka ƙara, ka rubuta dalilinta a gefenta, akwai gurbin description don haka.

Idan laburare ne mai kayan aro kaɗan, musamman a Go inda ba abin da ke sabunta kansa sai ka ce, ka bar bot ɗin sabunta siga gaba ɗaya. Na'urar binciken ɓaraka kullum, gwaji da sababbin sigogi duk mako, hannunka sau uku ko huɗu a shekara.

Idan kuwa ba ka da gwaji, ka kunna gyaran ɓaraka kaɗai, lokacin da za ka ɓata wajen karanta PR ka zuba shi a rubuta gwaji. Kafin nan ma ka ɗauki jerin kayan aronka ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. A nawa rumbun na tarar da uku da ba abin da ke kiransu tun bara, da wani da na aro don aikin da layi takwas ke yi. Na cire huɗun a zama ɗaya, kuma tare da su ƙunshi fiye da talatin suka bar fayil ɗin kulle.